Rasuwar Inno, Amfilifayar Tagwayen Karantina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Alhaji Muntaka Mai Jita na unguwar Nuzla yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki mazauna Jidda rasuwar Inno, amfilifayar da ta ɗauki muryar jitarsa shekara ashirin da bakwai. Ta cika ne wata Alhamis bayan la'asar, cikin watan Rajab na bana, 2008. An yi kwana arba'in ba a fitar da wannan takarda ba. Dalilin jinkirin yana ƙasa, ga wanda ya daure ya karanta har ƙarshe.

Marigayiya ta zo ƙasar nan a jirgin ruwa, cikin kayan wani Ba'amurke injiniya. Muntaka kuwa ya zo aikin hajji a 1977, jirgi ya koma da alhazai, shi ya manta bai koma ba. Yana wanke motoci a gidajen Turawa ya fara jin kiɗan nan na rok ta taga, kiɗan da jita ke ihu kamar an taka mata ƙafa, har ya koya a hannun maigidan, wato Ba'amurken nan. Da Ba'amurken zai tafi a 1981, ya ga Inno ta yi masa nauyi, ya bar masa ita. Sunan kuwa na kakar Muntaka ne, domin duk lokacin da aka kunna ta sai ta yi minti biyu tana "hmmmm" kafin ta yarda ta yi aiki, kamar dai tsohuwar idan an tashe ta ba ta shirya ba.

A shekarar ce ya haɗu da Hadi, mutumin Damagaram, mai gyaran famfo, wanda ke kaɗa gwangwanayen fenti idan ya gaji da aiki. Jita ɗaya, ganguna biyar, Inno a tsakiya: Tagwayen Karantina ke nan. Ba su taɓa zama uku ba. Sun yi wa Turawa wasa a bayan katanga, sun yi wa leburorin Filifin da magina 'yan Koriya a sansaninsu, sun yi bikin 'yan'uwa Hausawa inda tsofaffi ke toshe kunne suna girgiza ƙafa. Alkawarinsu tun ranar farko guda ne, kuma ba a rubuta shi ba: ba wanda zai yi wasa ba ɗan'uwansa.

Kowa ya shaidi marigayiya da rufin asiri. A zamanin da ba a kiɗa a bainar jama'a, ta yi shekaru tana yawo a titunan Jidda lulluɓe da bargo a matsayin na'urar sanyaya ɗaki da za a kai gyara, ga masu ita babu iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Ba ta taɓa tona kowa ba. Wani azumi lasifikar masallacin unguwa ta lalace, ita ta ɗauki kiran salla kwana tara, ba ta kuma gaya wa liman inda take kwana ba. Tana da ƙiba, gaskiya. Mariƙi biyu gare ta, dama da hagu, kuma namiji ɗaya ba ya ɗaga ta. Dama na Muntaka ne. Hagu na Hadi, har ya naɗe shi da tsumman tsohon rawaninsa saboda ƙarfen na cin hannu.

Rauninta ɗaya ne. Wutar ɗari da goma take ci, irin ta ƙasarsu. Duk wanda ya zauna Jidda ya san gidajenmu: bango ɗaya, soket biyu kamar an tsaga kara, wannan ɗari da goma, wancan ɗari biyu da ashirin, ba wanda ya rubuta komai a kai. Saboda haka Hadi yana yawo da ɗan ƙwan fitila a aljihu. Duk inda aka je, kafin Inno ta taɓa bango, sai ya durƙusa ya gwada. Idan ƙwan ya kawo haske a hankali, a jona. Idan ya yi fari fat, ya cire da sauri ya nemi wani soket. Shekara ashirin da bakwai Muntaka yana tsaye a kansa yana cewa, "Yalla, aboki, mutane na jira, ba tiyata za ka yi ba." Hadi bai taɓa ɗaga kai ba.

A nan ne za a gyara maganar da aka faɗa wa jama'a game da ciwon ajali. An ce laimar ɗaki ce ta kashe ta. Ba laima ba ce.

Wani Saleh, haifaffen nan, mai shirya bukukuwa, ya tare Muntaka a bakin masallaci. Ya ce, "Ya ammi, kawuna, kai kaɗai muke so. Ganga yanzu a kwamfuta take, halas, an gama. Sunanka za a kira, kai ɗaya." Muntaka mai shekara hamsin da takwas, wanda ke alfaharin ba a taɓa yi masa wayo a kasuwar Jidda ba, ya ji maganar nan ta yi masa daɗi. Ya jira Alhamis ɗin da Hadi ya tafi Makka umra. Inno a ɗakin ajiyar Hadi take zama a unguwar Karantina, kuma Muntaka yana da mukulli. Ya buɗe, ya kira direban motar kaya, ya nuna masa mariƙin hagu.

A gidan bikin ya dubi bango, ya ga soket biyu. Ƙwan gwaji yana Makka a aljihun mai shi. Saleh yana tsaye, dangin ango suna kallo, kuma mutumin da aka gabatar a matsayin gwani ba zai tsaya tambayar wutar gida ba. Ya zaɓi na kusa da ƙafarsa.

Inno ta fara "hmmmm" ɗinta, amma da wata murya sama da wadda aka sani. Kwalaben cikinta suka yi wani ja da ba su taɓa yi ba. Sai "fat." Ɗan hayaƙi ya fito ta baya, ƙauri ya cika wurin. Ba ta kai minti ɗaya ba.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Muntaka ya mayar da gawar ɗakin Hadi, ya lulluɓe ta da bargonta, ya kulle. Mako na zagayowa suka zo gwajin kiɗa, aka kunna, shiru. Sai ya shafa bango, ya shinshina hannu, ya ce, "Shekara nawa ina gaya maka ɗakin nan da laima?" Ya sake faɗa a wurin mai shayi, gaban mutum bakwai. Hadi ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji, sakacina ne."

Hadi ya ja ta shi kaɗai a kan baro har shagon Othman, Basudanen nan mai gyaran lantarki a unguwar Madain Fahd. Othman ya kwance bayanta, ya sa hanci sau ɗaya. Ya ce, "Ya hajj, ruwa ba ya ƙona abu. Wannan ɗari biyu da ashirin ta sha." Hadi bai zo Nuzla da faɗa ba, bai je wurin mai shayi ya wanke kansa ba. Ya naɗe ƙwan fitilar a jarida ya ba matarsa Dela, Dela ta ba Rabi'a, matar Muntaka. Rabi'a ta ajiye shi a tire kusa da kwanon tuwo, ta fita. Tun ranar Hadi bai ɗaga waya ba. Idan sun haɗu a sallar Juma'a yana amsa sallama, ya canja sahu.

Marigayiya ta bar jita ɗaya wadda yanzu ba a jin ta daga tsakar gida, da ganguna biyar da ba a kwance su ba, da bargo. Ta bar ƙwan fitila lafiyarsa lau, a hannun wanda bai taɓa gwada shi ba. Ta bar Hadi, wanda bai yi mata laifin komai ba, kuma ana roƙon mutum bakwai ɗin nan na wurin mai shayi su ɗauki wannan magana su kai duk inda suka kai waccan. Ɗakinsa a bushe yake.

Ba za a yi salla ba, don limamin unguwa, Malam Idris, ya ce a bar wasa a inda wasa yake. Ba zaman makoki, ba a son kowa ya zo da wata sabuwar amfilifaya don jaje. Za a ɗauki gawa ranar Juma'a bayan la'asar daga shagon Othman zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe da ke ƙarshen layin, kuma a ƙafa za a je. Muntaka zai kasance a bakin shagon, riƙe da mariƙin dama. Masu rakiya su yi haƙuri, kada kowa ya taɓa na hagu, ko da sun ga an daɗe. Tsumman rawanin yana nan yadda mai shi ya ɗaure. Idan aka kira magariba gawa ba ta tashi ba, Othman ya yarda ta ƙara kwana bakwai a shagonsa, kuma Muntaka zai dawo Juma'a mai zuwa.