Ranar da Na Ci Gyaran Mai Goge a Riyad

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba, kuma ko na yi niyyar mantawa ba za a bar ni ba, don har yau in na shiga kasuwa akwai masu fara rera mini wani abu ƙasa-ƙasa suna danne dariya.

Bari in ɗauko maganar daga tushe, don ni ban iya fara labari daga tsakiya ba. Ni direba ne a kasuwar kayan gwari ta Aziziya, a nan Riyad. Da safe in kwashi tumatir da albasa in rarraba wa masu shaguna, da yamma kuma 'ya'yan 'yan uwanmu Hausawa su taru a ɗakina in biya musu karatu. A makarantar allo na tashi a Zariya, na iya Ajami tun ban san akwai wani abu wai shi boko ba. Maƙwabcina kuma aminina shi ne Alhaji Sale, dillalin albasa. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na ɗansa Munir.

Shi Munir a nan aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa a kan Hausa, kuma a hannuna ya yi karatu tun yana ɗan mitsitsi. Da ya girma sai ya koyi goge irin na Turawa, wanda ake saƙalewa a ƙarƙashin haɓa. (Na san malamai sun yi magana a kan kiɗa, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da zan iya shaida kawai shi ne yaron ba ya wasa da salla.) Ana nan sai wata babbar ƙungiyar makaɗa, irin wadda mutanen da za su kusa cika masallacin unguwa ke zama su yi kiɗa ɗaya, ta ɗauke shi gwaji. Duk shekara suna buɗe wasanninsu da babban biki, kuma a bikin wannan shekarar aka ba Munir wani wuri da zai miƙe ya yi shi kaɗai. In ya yi kyau su riƙe shi, in bai yi ba su sallame shi.

Alhaji Sale dama abin bai taɓa kwanta masa ba. A gabana ya yanke hukunci.

"In suka sallame ka, halas, shi ke nan. Ka rataye ƙwaryar nan taka, ka zo ka kama bakin buhu kamar kowa."

"Na yarda, Baba," in ji Munir.

To daga ranar bangon nan bai ƙara hutawa ba. Safe da yamma abu ɗaya yake maimaitawa, ya kai ƙarshe ya dawo farko. Ni kuwa kunnen mai hadda gare ni, ba ya neman izinina kafin ya ɗauki abu. Ban ankara ba sai na tsinci kaina a kan titi da lodin tumatir ina rera kiɗan wani Bature da ya mutu tun kafin a haifi kakana. In na farga in yi istigfari, in koma tilawa, jim kaɗan abin ya sake dawowa.

Ni ne na lallashi Alhaji ya je bikin. Na ce masa hukunci ba ya inganta sai alƙali ya ga abin da idonsa. Da ƙyar ya yarda. Munir ya kawo mana tikiti biyu, ya zaunar da mu kamar mu ne ɗalibansa.

"Ammi," haka yake kirana, wato baffa, "don Allah a kashe waya. Ba a kiran sunan mutum. Ba a tasowa a yi liƙi. Kuma in kiɗa ya tsaya kada ku tafa, sai kun ga kowa ya tafa."

Na haddace dokokin nan tsaf. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ubansa yana hannuna.

Bayan isha muka kama hanyar zauren, can wajen Dir'iyya. Na saka shaddata fara wadda ta sha sitaci, wadda ba na fito da ita sai Idi. Zauren kuwa sai wanda ya gani: kujeru jajaye masu laushi, sanyi kamar cikin firji, maza da farare tas, mata da baƙaƙen abaya, ga Turawa nan da kwat. Wurinmu a tsakiyar layi yake, kusa da gaba.

Makaɗan suka fito suka zauna, Munir a cikinsu da baƙar kwat kamar lauya. Sai kowa ya fara jan nasa abin, wannan ya yi ƙii, wancan ya yi buu.

"Wannan ne kiɗan?" in ji Alhaji. "Ai kasuwar awaki ta fi wannan tsari."

"Saita kaya suke yi, Alhaji," na ce masa cikin raɗa, irin raɗar wanda ya san duniya. "Ba a fara ba."

Can sai jagoransu ya fito, wani dattijo mai furfura, da 'yar siririyar sanda a hannu. Ya juya mana baya ya fuskance su. (Allah ya yafe mini, a raina limaminsu na kira shi, don in ya ɗaga hannu su ɗaga, in ya sauke su sauke.) Aka fara. Ba zan yi ƙarya ba, abin da daɗi. Da suka kai wata gaɓa suka tsaya, Alhaji ya ware hannuwa zai tafa, na yi caraf na riƙe masa wuyan hannu. Wata Baturiya da ke gefenmu ta dube ni ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Wallahi a lokacin ji na yi kamar a gidanmu aka ƙirƙiro abin. Har na gyara zaman hulata.

Sai Munir ya miƙe ya tako gaba.

Da ya ja sandar gogen, nan take na gane wurin. Shi ne dai na bangon ɗakina, sai dai yanzu ga jama'a a bayansa suna raka shi. Ina biye da shi a zuci kamar yadda nake bin ɗalibi a allo. Na saci kallon Alhaji, na ga ya daina motsa carbi. Kiɗan ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, masu ganguna suka shigo, masu busa suka shigo, zauren ya ɗauka kamar ruwan sama a kan kwano. Sai ɗif. Komai ya tsaya.

Jagoran ya bar sandarsa a sama. Munir ya rufe ido, hannunsa a ɗage, bai motsa ba.

To a ɗakinsa bai taɓa tsayawa a nan ba. Ko sau ɗaya. Yana kaiwa nan yake zarcewa. Daga baya ne na fahimci cewa mai bita shi kaɗai ba ya zama jiran shirun da babu wanda zai yi shi tare da shi. Amma a lokacin abu ɗaya ne ya zo mini: yaro ya kakare. Na hango shi a Aziziya da buhun albasa a kafaɗa, yatsun nan nasa duk sun faffashe.

Mu kuwa yadda aka rene mu, in mai karatu ya kakare ba a zuba masa ido. Ko liman ne a cikin salla, wanda ya san wurin shi ke cin gyara, ya ɗora masa bakin ayar ya ci gaba. Hakki ne a kanka. Na duba hagu, na duba dama, duk zauren nan babu mai niyyar taimakon yaron mutane. Na ce a raina, lallai masu kuɗi ba su da tausayi.

Na fara da gyaran murya, yadda ake yi. Shiru.

Na ce, "Subhanallah," a hankali. Shiru.

Sai na cika ƙirji, na ɗan ɗaga daga kujera, na ɗora masa da muryar da nake biya wa yara karatu a ɗaki mai hayaniya:

"Tiii-ra-ra-raaa! Ra-ra-riii!"

Jama'a, ban san an gina zauren nan yadda ko allura ta faɗi sai an ji ba. Muryata ta tafi ta bugi bangon gaba ta dawo mini, na ji ta da kunnena kamar ta wani. Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Wani a baya ya ce "Uskut!" wato in rufe baki. Wani kuma dariya ta ƙwace masa ta hanci, daga nan ta bazu layi-layi. Kafaɗun jagoran suka ɗaga har kunnensa, amma bai juyo ba. Baturiyar nan tawa ta dafe baki da hannu biyu. Munir kuwa ya buɗe ido ɗaya, ya sauke shi a kaina daidai, ya mayar ya rufe.

Alhaji ya damƙi gefen rigata ya mayar da ni kujera.

"Malam, aljanu gare ka?"

"Ya manta ne, Alhaji."

"Kai ne ka manta hankalinka a gida!"

Jagoran ya jira har dariyar ta mutu, sandarsa na nan a sama. Sannan ya sauke ta a hankali, Munir ya shigo da wani siririn sauti kamar zaren gizo-gizo. Sai a lokacin na gane shirun nan ma cikin kiɗan yake, da gangan aka ajiye shi, ni kuma na zo na taka shi da takalmi.

Ban ji sauran ba, don wani ma'aikacin zauren ya iso da 'yar fitila a hannu, ya sunkuyo da ladabi ya ce, "Lau samahta, ya shaikh," wato don Allah malam, yana nuna mini ƙofa. Na tashi. Kun tuna a tsakiyar layi muke? Haka na bi ta gaban gwiwoyin mutane ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, shaddata kuwa tana ƙara kwaram-kwaram kamar ana naɗe tabarmar roba, a daidai wurin da kiɗan ya fi kowane wuri laushi.

A waje na sami benci na zauna, gumi na karyo mini duk da sanyin. Kunyar kaina ba ta dame ni kamar yaron ba. Ni na kawo ubansa, ni na yi alkawarin tsare doka, kuma ni na jefa masa dutse a tsakiyar rijiya. Babu addu'ar da ban karanta ba. Can na jiyo tafi ta cikin ƙofa, mai tsawo, amma ban san ko na yabo ba ne ko na jaje.

Da aka tashi, Alhaji ya fito fuska a murtuke. Na miƙe ina shirin ba da haƙurin kunyata shi cikin manyan mutane. Ashe ba nan fushinsa yake ba.

"Ɗana ne zai manta? Ɗana? Yaron da ya hana mu barcin rana wata da watanni? Kai ba ka ga yadda ya riƙe shirun nan ba, ko gezau? Ka ga yadda mutane suka miƙe tsaye?"

"Ina waje, Alhaji."

"Da ma can ya kamata ka zauna!"

Har muka isa gida yana yi mini bayanin kiɗan Turawa, shi da ɗazu ya ce kasuwar awaki ta fi shi tsari.

Bayan 'yan kwanaki Munir ya shigo ɗakina da murna, sun riƙe shi. Wai jagoran ya ce wanda ya iya tsayawa daram bayan abin da ya faru, babu abin da zai ƙara girgiza shi a duniya. Na yi hamdala, har na fara jin cewa ashe ni ma da hannuna a cikin alherin. Sai ya sosa ƙeya.

"Amma Ammi, gyaran da ka ci ɗin ma ba wurin ba ne. Ka tsallake shafi guda."

Da daddare na kira uwar 'ya'yana a Zariya na kwashe labarin na faɗa mata, ina neman mai lallashi. Ta yi dariya har da tari. Na ce mata ni dai na ɗauki darasi, ba duk wanda ya yi shiru ne ya kakare ba, wani numfashi yake ja, kuma in ka bar shi zai ƙarasa abinsa da kansa.

Ta yi shiru.

Na ce, "Kina ji na kuwa? Cewa za ki yi..."

"Ka gani ko, Malam?" in ji ta. "Tun aurenmu nake jiran ranar da zan ƙarasa magana da bakina. Ashe sai Turawa sun fitar da kai daga ɗaki, kuma duk da haka darasin bai zauna ba."