Jinina Mai Kama da Kindirmo

Ko na so in manta da ranar nan, 'yan gidanmu ba za su bar ni ba. Laifina ƙarami ne: na karya kumallo. Shi ke nan fa.

Bara, bayan an kwashe masara, ƙafar Babanmu ta kumbura. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya. Yana cikin shan magani sai wasu masu bincike suka zo asibitin garinmu a Bakori. Suna neman alamomi a cikin jini da ke nuna ciwon zuciya ko daskarewar jini tun kafin su kayar da mutum. Suna son jinin marasa lafiya, da na wani lafiyayye daga gidansu don a gwada. Na cika sha takwas, don haka na miƙa hannu tun kafin a rufe baki.

Sharaɗi ɗaya ne: daga tuwon dare, kada a ci komai sai ruwa.

Ni kuwa na ɗauki abin kamar jarrabawa. Ina so jinina ya zo na ɗaya a duk ƙaramar hukumar (a makaranta ban taɓa wuce na ashirin ba, na ce bari in gwada ta nan). Kowa ya san madara da ƙwai na ƙara jini. Da sassafe na zame wajen mai shayi, na yi aikin da ya kamata, na goge baki.

Bayan dogon layi, nas ta tambaye ni, "Samari, ka ci wani abu?"

"Ko ƙwayar gero, Anti."

Suna da wata na'ura mai juya jini har ya rabu biyu. Na kowa samansa garau, kamar man gyaɗa. Nawa fari fat, sai ka ce kindirmo. Har na fara murmushi, na zaci na ci gasar.

Likitar, wata Hajiya mai tabarau, ta kira Baba. "Alhaji, kitse ya yi yawa a jinin yaron nan. In dai da gaske bai ci komai ba, sai mun tura shi babban asibiti a duba zuciyarsa."

Baba ya cire hula, ya riƙe ta a hannu. A hankali ya ce, "Likita, ko ni na gadar masa?"

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Nan gasar ta fice mini daga rai.

"Baba... na sha shayi."

Hajiya ta sauke tabarau. "Shayi kawai?"

"Da madara. Gwangwani guda. Da ƙwai uku."

Baba ya ce, "Faɗi gaskiya."

"Biyar. Da ƙosai."

Wani tsoho a layi ya ce, "Wannan ai jinin mai shayi kuka ɗiba!" Duk ɗakin ya tuntsire da dariya. Baba bai yi ba. Ya mayar da hularsa, ya ce alhamdu lillahi sau uku, sannan ya kama kunnena.

Na koyi cewa mutum na iya yi wa nas ƙarya, amma jininsa ɗan tsegumi ne.

Mako na gaba, da za a sake ɗibar jinin, Baba da kansa ya wuce da ni ta gaban mai shayi, yana riƙe da wuyan rigata. Jinina ya fito garau kamar na kowa. A gida har yau Kindirmo suke kira na.