Watan da Na Gani Ni Kaɗai

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na ga watan Sallah ni kaɗai a duk Tamale.

A unguwarmu Aboabo abu biyu aka san ni da su: duban wata da tumbi. Duban watan na gada wurin mahaifina. Tumbin kuwa ni na gina abina, da wake da shinkafa, da shayi mai kauri, da lemon kwalba a kowane ɗaurin aure. (Nakan shafa shi in ce albarka ce.) An taɓa gaya mini a asibiti ina da suga da hawan jini. Na ce na ji, na tura maganin bayan littattafai.

Tun kafin azumi rubutuna na Ajami ya fara narkewa a gabana, kamar an yayyafa wa allo ruwa. Ban gaya wa kowa ba, har Hajiya matata.

Ranar ashirin da tara, bayan shan ruwa, muka hau rufin masallaci. Kowa yana jirana, kamar kowace shekara. Can yamma na hango wani fari-fari a lanƙwashe.

"Ga shi can," na ce.

Nan da nan magana ta sauka ƙasa. Mata suka fara guɗa, ana ta kiran 'yan'uwa na unguwar Vittin a waya. Limaminmu, dattijo mai haƙuri, ya matso.

"Malam, ka tabbata?"

Na rantse da Allah. Wannan rantsuwar ce har yau take hana ni barci.

Ya bi yatsana da kallo, ya daɗe. Sannan ya rage murya.

"Malam, fitilar sabon benen nan ce."

Ba wanda ya yi dariya. (Da ma sun yi, da na fi samun sauƙi.) Liman ya sauka ya sanar a lasifika cewa gobe akwai azumi. A gida na tarar da Hajiya riƙe da zabuwar Sallah za a yanka. Ta sake ta.

Bayan Sallah ta ja ni asibiti. Likitar ta haska idona ta ce yanar ido ce, sannan ta zagaya ƙuguna da abin awo irin na tela.

"'Yata, ido na kawo miki."

"Baba, daga nan idon ya fara," in ji ta. "Tumbi da suga da hawan jini da kitsen jini tare suke tafiya, kuma sukan jawo yana da wuri."

An cire yanar. Idon hagu ya washe. Na dama kuwa suga ya riga ya cinye bayansa, ba zai dawo ba.

Yanzu da ido ɗaya nake karatun Alƙur'ani, a hankali, alhamdu lillahi. In daren duban wata ya zo, ina zaune a ƙasa cikin masu jiran a gaya musu. Wanda ya ƙi duba cikinsa, kada ya yi rantsuwa a kan sama.