Kambas a Ƙafar Gawa

Ranar Asabar, sha bakwai ga watan Agusta, 1974, bayan an fito sallar asuba, Falalu ya shiga sashen kakarsa Zuwaira a Ƙaraye. Wannan ne karo na farko da suka yi ido biyu tun ranar da ya kashe ta.

Ga yadda kisan ya auku. Falalu ɗalibi ne a kwalejin horon malamai, hutu ya kawo shi gida. Ana so a sa shi a tseren dogon zango da za a yi a Kano, mil ashirin da shida. Malaminsu na wasanni, Malam Shitu, mutumin Rogo, ya ce masa irin wannan tsere ba a faɗa masa gaba ɗaya, sai mutum ya riƙa gudun rabinsa har ƙafa da ƙirji su saba. Ya auna masa mil goma sha uku da babur, daga bakin kasuwar Ƙaraye, a zagaya ta gonaki, a ƙare a Turawa.

Abin da Malam Shitu bai lissafa ba shi ne, a ƙauye ba a ganin baligi yana gudu da sassafe sai in ɓarawo ne, ko mai kai saƙon mutuwa. Kuma a Turawa ƙanwar Zuwaira, Saude, take aure. Da ta ga jikan yayarta ya faɗo gari daga shi sai gajeren wando, ya zube a bakin rijiya, ana tambayarsa yana ɗaga hannu, sai ta ɗora hannu a ka. Kafin numfashi ya dawo wa Falalu, mutanen Turawa sun kama hanya, masu keke da masu jaki, har da likkafani. Suka iske Zuwaira a tsakar gida tana tsinkar zogale.

Mahaifinsa, Malam Ƙasimu, bai yi dogon faɗa ba. Ya ɗauke takalmin kambas ɗin da makaranta ta ba yaron, ya kai ɗakin tsohuwa, ya ce, "Ke aka ɓata wa. In kin ba shi, na ba shi. In kin hana, ya bar gudu."

To, yau Malam Shitu ya taso daga Rogo da agogonsa, yana jira a bakin kasuwa. Wannan ne gwaji na ƙarshe, jibi sunaye za su tafi Kano. Ya kuma ce da zarar hantsi ya ɗaga zai koma gida.

Falalu ya sami Zuwaira a kan kujera 'yar tsugunno tana dama koko, ta ja zane har ƙasa.

"Salamu alaikum, mutanen lahira. An tashi lafiya?"

"Wa alaikumus salamu, don ita ta Allah ce. Sauran gaisuwar riƙe abarka."

"Haba amarya. Yaya kwanan kabari? Da sauro?"

"Sauro ɗaya ne, ga shi nan tsaye a kaina da ƙafafu kamar sillen kara."

"Ƙafafun nan su suka tara miki jama'ar da ko ranar aurenki ba ki gani ba."

"Kana ina ranar aurena? Makaɗa daga Kafin Dafga aka ɗauko. Kai kuwa me ka tara mini? Tsofaffi masu majina, suka cinye mini tuwon dare suna cewa, 'Ashe da sauran kwana.' Wani ma kamar haushi ya ji, ya bar shema a gona."

"Ai taimakonki na yi. Kin ga masu ƙaunarki da idonki. Wa ya taɓa samun wannan gata?"

"Na ga likkafanina dai. Akoko! Akoko Saude ta kawo mini, mai shara-shara, wanda in ka ɗaga shi kana hango Rogo ta ciki. Ni da na goye ta a bayana!"

"To ki gode mini, kin san da wa kike zaune."

"Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Kai ne kuwa duka biyun."

Falalu ya saci kallon katanga. Rana ta fara lasar samanta. Ya matso.

"Uwargida ran gida, ina takalmina?"

"Yauwa! Yanzu aka zo kan magana. Ashe ba gaisuwa ba ce, biko ne. Kuma biko hannu rabbana? Ko goron kwabo babu? Kakanka da ya ɓata mini rai, da tunkiya ya zo."

"Shi ya sa ya mutu ba shi da ko akuya."

"Ya mutu da wandonsa har idon sawu, ba kamar wani ba."

"Malam Shitu yana jirana."

"Ya jira. Shi a kan babur, kai a ƙasa kana zubar da harshe kamar karen farauta. Wanne ne mai hankali a cikinku? Tsaya ma in tambaye ka. Wa ke korarka?"

"Ba kowa."

"Me kake kora?"

"Ba komai."

"La'ilaha illallahu! Mahaukacin kasuwar Rogo ma ya fi ka hujja, shi yara ke jifansa. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ɗan nan. Kuma kana ganin laifin Saude?"

"Tsere ne. Wanda ya riga kowa a ba shi lambar girma, a faɗi sunansa a rediyo. Ki ji an ce Falalu Ƙaraye, mijin Zuwaira mai haƙori uku."

"Huɗu ne, makaho. Kuma aka ce mini wannan da ka yi rabi ne. Rabi! Ni na auri mai yin rabi? Ka taɓa ganin manomi ya yi rabin kunya ya koma gida ya ce ya yi noma?"

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Ke da kike koya wa 'yan mata daka, turmi cike kike fara ba su?"

"To rabi ya kashe ni. Ranar da ka yi cikakken, sai a kwashe Ƙaraye duka a kai maƙabarta."

Daga can bakin kasuwa aka ji babur ya yi ham sau biyu. Falalu ya waiga wajen ƙofa. Zuwaira kuwa ta ɗaga muciya, ta duba kaurin kokonta a natse, kamar yau ta fara ganin koko.

"In ƙafar ce ke ƙaiƙayi, tafi hakanan mana," in ji ta. "Da takalmi aka haife ka?"

"Kin san ba takalmin ba ne kawai. Kin ji abin da Baba ya ce. In na fita ba da yardarki ba, da bakinsa zan yi gudu a kaina."

"Ashe kana tsoron wani abu a duniya."

Sai ta miƙe don ta sauke tukunya, zanen ya ɗage. Falalu ya dubi ƙasa. Ga kambas ɗinsa farare a ƙafarta, na hagu a dama, na dama a hagu, ta naɗe igiyoyin a idon sawu kamar dabaibayin jaki.

"Me zan gani?"

"Guzuri. An ce hanyar lahira da ƙaya. Tunda mijina ya ƙi saya mini, na ci gadonsa tun yana raye."

"Gawa ce ke cin gado? A wane littafi?"

"A littafin da aka ce rayayye ya aika a yi wa rayayya jana'iza."

Ta taka, taf taf, ta zagaya murhu. Wani garwashi ya gangaro, ta sa ƙafa za ta tura shi ciki, sai ta bar ƙafar a nan, dab da bakin wuta.

"Kaka! Kaka, roba ce a ƙasan, za ta narke! Don Allah, na makaranta ne, babu wani a garin nan!"

Ba ta janye ba. Ta juyo ta dube shi, kuma a wannan karon babu dariya a idonta.

"Au, yau ni ce Kaka? Ina amaryar ta tafi? Dubi yadda muryarka ke rawa a kan roba. Ranar da aka ce na mutu, an ce mini ruwa kake sha a bakin rijiya."

"Ban sani ba, wallahi. Ban san abin da suka ɗauka ba sai da suka yi nisa."

"Na san ba ka sani ba. Yaro ko ya hau rimi ba ya hango abin da babba ya gani a zaune." Ta ja ƙafar kaɗan, ta koma ta zauna. "Kana tsammani akokon ne ya hana ni barci? Saude ta yi kukana ta gama. Ta yi birgima a ƙasa, ta zo ta same ni da zogale a cinya, yara suna yi mata dariya. Mutanen Turawa sun bar gonakinsu a tsakiyar damina, sun koma da kunya. To ranar da abin ya zo da gaske fa? Za a aika, su dubi juna su ce, 'A dakata a ji tukuna, kada a sake mai da mu 'yan kallo.' Kafin su gama dakatawa an rufe ni. Can aka yanke mini cibi, Falalu. Ka sa dangina ba za su tsaya a kaina ba."

Tun da ya yi wayo bai taɓa jin ta kira shi da sunansa ba, daga ango sai maigida sai ja'iri. Ya rasa inda zai sa idonsa. Rana ta sauko rabin katanga. Babur ya sake yin ham, wannan karon mai tsawo.

Ya tsuguna a gabanta.

"Ke da kika binne maza biyu kina harin na uku, wa ya ce miki kina kusa?"

"Kada ka yi mini wasa a nan."

"To ba wasa. In kika ƙona takalmin nan, abin da Turawa za su riƙe ke nan har abada: ɗan gidan Zuwaira ya zo da gudu sau ɗaya, ƙarya ce. Amma bar ni in je yau, in je gobe, in je duk hutu, har karnukansu su daina yi mini haushi, har su ce, 'Ga mahaukacin nan na Ƙaraye.' Ranar da suka gan ni da riga da hula, ina tafe a hankali kamar kowa, ba sai na buɗe baki ba."

Zuwaira ta ɗauki ludayi, ta juya kokon da ba ya bukatar juyi. A waje aka tayar da babur, ƙararsa ta tsaya wuri ɗaya, irin ta mai shirin tafiya.

"Kai da riga da hula?" in ji ta daga bisani. "Sai su ce aure ka zo nema."

"Wa zai ba ni, kin riga kin ɓata mini suna?"

"Ni ma da na karɓe ka, sadaka na yi." Bakinta ya motsa, ta so ta danne, abin ya fi ƙarfinta, dariya ta kuɓuce mata har da tari. Ta miƙe ƙafafu biyu a gabansa. "Durƙusa sosai ka cire, ango. Dama sun matse mini yatsu. Ƙafar namiji kamar ta fara!"

Ya durƙusa, ya shiga warware igiyar. Ta ƙulla ta ƙullin buhun gyaɗa, sai da ya sa haƙori.

"A hankali, kada ka cinye mini ƙafa, ba a ba ka koko ba ne?"

Yana ɗaure na biyu ta kwance bakin zanenta, ta fito da farin goro babba, ta danƙa masa a tafi.

"Tun daga bakin gari ka ɗaga shi sama kowa ya gani. Mai kai saƙon mutuwa ba ya riƙe goro. Ka ba Saude, ka durƙusa kamar ɗan mutane, ka ce gawa tana gaishe ta. Ka ce kuma ta mai da akokon nan, ta ƙara kuɗi ta sayo alawayyo, ina jira."

"In na cinye a hanya fa?"

"Sai in mutu da gaske don in ba ka kunya. Tashi, tsirara! Mai babur zai tafi da lambar girmanka."

Falalu ya iske Malam Shitu ya riga ya juya kan babur wajen hanyar Rogo, ya tsayar da shi. Falalu ya yi gudun a cikin lokacin da ake so, ya shiga Turawa da goro a sama, yara na biye da shi. Sunansa ya tafi Kano. A babban tseren ya zo na tara, ba a faɗe shi a rediyo ba, amma ya ƙarasa da ƙafarsa, aka ba shi bargo, Zuwaira ta karɓe ta ce kuɗin biko ne. Da ya gama kwaleji aka tura shi koyarwa a Rogo, kuma duk hutu sai ya yi gudun Turawa.

Zuwaira ta rasu a daminar 1979. Falalu ne ya kai labari, da riga da hula. Babu wanda ya tambaye shi abin da ya kawo shi.