Baba Kirsimeti Cikin Rigar Wanka

Jama'a, yau na sha kunya a gaban yara, kuma ba zan haɗiye ta ni kaɗai ba.

Ni aka zaɓa bana in zama Baba Kirsimeti a bikin yaran unguwarmu nan Duluth ta Amurka, don tumbina ya cancanta. Tun farkon Disamba na sayi jar riga da hula da gemu ta waya, aka ce kamfanin kai saƙo zai kawo har ƙofa. Shi ke nan kwalina ya shiga yawon duniya. In na duba waya, yau yana Memphis, gobe Denver, jibi ya koma Memphis. Ni da na biya kuɗin ban taɓa taka Denver ba.

Shugaban kamfanin, Mai Girma Sarkin Kwalaye, Allah ya ja zamaninsa, ya fito a talabijin yana rantsuwa cewa bana ko kwali ɗaya bai kwana a rumbunsu ba. Ruwa ba ya tsami banza, sai na tare maƙwabciyata Darlene, wadda suka ɗauka aikin wucin gadi.

"Ai gaskiya ya faɗa, Wendell," in ji ta. "In kaya suka yi mana yawa, danna su muke yi a tirela, a ce wa direba ya kama hanya."

"Zuwa ina?"

"Oho! Ko'ina. Abin da ke kan taya ba a sa shi cikin wanda ya maƙale."

Madalla da wannan basira! A ba su lambar yabo, amma kada a aika ta hannunsu.

Da babu gara ba daɗi. Yau na shiga zauren bikin sanye da jar rigar wankan matata, da gemun auduga da aka liƙa min da gam. Wata 'yar ƙarama, Maisie, ta hau cinyata ta ƙare min kallo.

"Baba Kirsimeti, ina rigarka ta gaske?"

Haushi ya kwashe ni, na ce, "Tana hanya, 'yata. Kamfani na ba wa."

Sai ta ce, "Kekena ma su ka ba wa?"

Kafin in buɗe baki ta fashe da kuka, sauran yaran suka kama mata. Wallahi sai da zuciyata ta karye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rantsuwa cewa da hannuna zan kawo komai, a kan lokaci.

Ƙarya na yi, na sani. Amma a watan nan ba ni na fara ba.