Kekena Ya Fi Na Mai Girma a Kan Sikeli

Jiya da safe na faɗa rami da kekena. Ramin nan dai na bakin kwanarmu, wanda aka yi bikin cike shi har sau uku. Tayar gaba ta lanƙwashe kamar kunnen kofi, ni kuwa na tashi ina dariya, domin mai jin kunyar faɗuwa a gaban layin man fetur bai san zamani ba. Masu motocin ma da hassada suke kallona: ko ba komai ni ina motsi kafin in faɗi.

Dariyar ta tsaya ne da na tuna gargaɗin uwar 'ya'yana. Ta rantse in wannan keke ya sake cin kuɗin gyara, za ta kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya auna shi a kilo. In ya tafi kuwa, ni da wurin aiki sai a ƙafa.

Na saɓa shi zuwa rumfar mai gyara. Ina sauke shi sai ga wata doguwar mota baƙa ta tsaya. Direba ya fito da keke a hannu ɗaya, yana riƙe da shi kamar jariri.

Nan take na gane shi. Keken Mai Girma Uban Alkawura ne, Allah ya ƙara masa hutu, wanda ya hau ranar ƙaddamar da shirin "kowa ya koma keke". Ya tuƙa shi taku ɗari biyu a gaban masu hoto, motoci goma sha ɗaya na biye da shi don kada ya ji kaɗaici. A taku na ɗari biyu da ɗaya ya gamu da raminmu.

"A liƙe mana nan, ya tsage," in ji direba.

Mai gyara ya ƙwanƙwasa jikin keken da farce, ya kara kunne. "Ɗan'uwa, wannan ba ƙarfe ba ne. In na kusanto da wutar walda, ƙamshi kawai za ka kai wa maigidanka."

Mai sayen ƙarafa yana zaune a gefe da sikelinsa mai ƙugiya, ba ciniki. Ya ce a kawo ya auna, ko don nishaɗi. Keken Mai Girma kilo bakwai. Nawa, da aka taru mutum biyu aka rataya shi, goma sha takwas.

Na tambayi farashi. Direba ya raɗa mini, na zauna a kan tsohuwar taya. Kuɗinsa zai sayi irin nawa ɗari da hamsin. Ni da na yi jami'a, sai na ga ilimina ya tashi a banza: a kasuwarmu, in ka ƙara kuɗi a ƙara maka kaya. A kasuwar manya kuwa ka biya ɗari da hamsin a rage maka kilo goma sha ɗaya. Babu kariyar ɗaura kaya, babu ƙararrawa, babu abin jingina shi. Kowane abu da aka cire, an biya kuɗin cire shi. Lallai wanda ya ƙirƙiro wannan ciniki ya cancanci muƙami.

"Malam, ai kai ma ka rage kilo goma sha ɗaya tun da mai ya tashi," in ji mai gyara, yana danne tayata da gwiwa. "Kyauta."

Gaskiya ne. In aka auna mahayi da abin hawansa tare, na ba Mai Girma tazarar buhu guda.

Mai ƙarafa ya taya nawa, tayi mai kyau. Na Mai Girma fa? Ya taɓe baki. "Gawayi ne da gam. Ko kyauta ba na ɗauka, wurin ajiya zai ci mini."

Direba bai damu ba. Ya ce an riga an kafa kwamitin mutum shida da za su fita waje su zaɓo sabo, wanda ya fi wannan sauƙi da rabin kilo.

Na koma gida a kan tayata da ta miƙe, ina fito kamar ango. Na ce, "Uwar yara, yau kekena ya kayar da na Mai Girma. Mai sikeli ya taya nawa, ya ƙi nasa."

"Ashe ya taya?" in ji ta. "Nawa ya taya?"

Baki shi ke yanka wuya. Ta zagaya keken tana dubansa kamar mai sayen akuya. Ta jijjiga kariya, ta danna sirdi.

"Shi na Mai Girman yana ɗaukar tukunyar gas?"

"Ko albasa ba ya ɗauka."

"To ɗaure tukunyar ka je ka ciko. Mu ga mai sikeli wata shekarar."

Haka nauyinsa ya cece shi.

A hanya na gaida ramin da girmamawa. Na ji an ce za a binciki dalilin tsagewar keken, kuma tuni zargi ya faɗa kan keken. Madalla. A bar mana raminmu: shi kaɗai ne a unguwar nan bai tambayi farashi ba kafin ya yi aikinsa.