Rasuwar Gajere, Rishon da Ya Cika a Kan Dutse

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da na rasa inda zan ajiye shi, ni tsohon direban tirela nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan hanya rasuwar rishona mai famfo, wanda aka fi sani da Gajere. Ya rasu ranar Laraba da hantsi a saman dutse, a hanyarmu ta dawowa daga yawon buɗe ido ni da uwargida. A bakin aikinsa ya cika, da tukunya a kansa.

Marigayin ya riga uwargida shigowa hannuna. Tun ina sabon direba muke tare. Ƙafa uku gare shi, ɗaya ta ɗan karkace, sai an tokare ta da tsakuwa. Ruwan sama ya dake shi, ya taɓa faɗowa daga bayan mota a guje, ya sha gurɓataccen kananzir a garuruwan da ba su da tsoron Allah, amma bai taɓa barina da yunwa ba. In aka ba shi famfo sai ya fara da tus-tus-tus, kamar dattijo mai gyaran murya, sannan ya ɗauki fuuuu ɗin nan nasa har abinci ya nuna. Bai da gulma, bai da ƙorafi. Abinci uku muka iya ni da shi: shinkafa da wake, taliya da kifin gwangwani, sai ƙwai da albasa. Direbobi sun sha barin motocinsu su zo ƙarƙashin tawa da cokulansu a aljihu.

Duk dawowar da zan yi daga tafiya, nakan kunna shi a tsakar gida in dafa wa uwargida. Takan cinye tas, ta ce min sannu da ƙoƙari. Abin da take faɗa ke nan tun aurenmu. Ban yi makaranta mai nisa ba, amma na san yaron da ya zo na ƙarshe a aji ake ce wa sannu da ƙoƙari.

Ga yadda ciwon ajalin ya samo asali, don kada a ji a bakin wani.

Da na ajiye tuƙi, uwargida ta ce ta gaji da jin labarin duwatsu da kwaruruka a bakina, tana so ta gani da idonta kafin gwiwa ta hana ta. Na ga tana da gaskiya. Na gyara ƙaramar motarmu, na sa Gajere a but, muka kama hanya. A kwanakin farko komai lafiya lau. Mukan tsaya a kwari, ruwa na gudu a gefe, awaki can sama kamar an manna su a jikin dutse. Ta shimfiɗa tabarma, ni in tare wa Gajere iska da kwali, in dafa mana. Sanyi ya sa ta riƙa matsowa kusa da mu. Ban taɓa ganin marigayin cikin ƙoshin lafiya kamar a lokacin ba.

Sai muka shiga birni. Ashe babbar 'yarmu ta cika mata waya da hotunan gidajen abinci. Muka bi su titi-titi, ni ina neman wurin ajiye mota, ita tana ɗanɗane. An kawo mana wani nama a tsakiyar faranti, ɗan mitsitsi, sauran farantin fili kamar tashar da motoci suka watse. An kawo wata miya da ganye a kai, ban sani ba ko ci ake yi ko ado ne. Duk wannan na haƙura. Gajere na kulle a but cikin duhu, ko sau ɗaya ba ta tambayi lafiyarsa ba.

A gidan abinci na ƙarshe ne aka yi abin da aka yi. Kukun wurin a gaban mutane yake girki, wani dogo mai farar hula kamar bokiti, da gashin baki da aka shafa wa mai. Ya zuba wani abu a kasko, ya girgiza, wuta ta tashi har kusa da rufi, ya cilla abincin sama ya cafe. Uwargida ta kai loma ɗaya, ta lumshe ido, ta daɗe ba ta buɗe ba. Sannan ta sa aka kira shi, a gabana, ta ce Allah ya yi wa hannunsa albarka. Shi kuma ya dafa ƙirji ya rusuna, yana murmushi da haƙoransa duka. Ni na ɗanɗana abincin. Gishiri bai ji ba. Na faɗa, babu wanda ya kula ni.

Tun daga ƙofar birni har gindin duwatsu zancen Dogon Hula take yi. Wai hannunsa da sauri. Wai ko gumi ba ya yi. Wai ko matarsa wace irin sa'a ta taka.

Da muka hau can ƙololuwa ta ce in tsaya ta kalli kwarin daga sama. Duk direba ya san ba a dafa wake a saman dutse, ruwa zai yi ta tafasa waken na nan kamar tsakuwa. Na sani sarai. Amma na ce yau za a ga wanda ya iya wuta. Na ɗora wake, na jira, ya ƙi. Na ƙara wa Gajere famfo. Na sauke tukunya na ɗora kasko, na zuba mai da albasa, na cilla sama yadda na ga an yi. Iska ta kwashe albasar ta yi kwari da ita. Uwargida ta juya baya, kafaɗunta na rawa, wai tari ne ya sarƙe ta. Na mayar da tukunya, na ƙara famfo. Muryar marigayin ta sauya, fuuuu ta koma wani irin fiiii da ban taɓa ji ba. Na ƙara. Sai ya ce fat, sannan sssss, cikinsa ya tsage ta wajen wata tsohuwar walda da aka taɓa yi masa, wuta ta lashe min gira ɗaya ta mutu. Uwargida ce ta fizgo ni ta baya.

Mai walda ya duba shi da muka dawo, ya ce famfo ne ya yi yawa. Ra'ayinsa ne. Ni na san da ba a yi wasa da wuta a gaban matar mutane ba, da Gajere na nan da ransa.

Marigayin ya bar tukunya mai kunne ɗaya, wadda ke kansa lokacin da abin ya faru, har yanzu ba ta dawo daidai ba. Ya bar kasko, da butar shayi, da allurar da ake tsokace masa hanci, da galan na kananzir da ko rabi bai sha ba. Ya bar ni.

Akwai abin da ya kamata masu zuwa ta'aziyya su sani tun daga gida. A kan dutsen nan, bayan mun ci busasshen burodi, uwargida ta naɗe Gajere a mayafinta, ta ƙi a mayar da shi but. A cinyarta ya yi tafiyar har gida. Muna gangarowa na ji tana jan hanci, sai ta ce:

"Maigida, duk abincin birnin nan babu wanda ya kai shinkafar da Gajere ya dafa min da na haifi babbar yarinya. Ya iya girki, bawan Allah."

Na rage gudu. Na tambaye ta wa ya wanke shinkafar, wa ya yanka albasar, wa ya sa gishirin. Ta ce ai gishirin ne kullum yake yawa.

To, ga inda muke. Maganar da na yi shekaru ina jira ta fito, amma risho aka ba. Dogon Hula ko ba komai yana can birni, ba zan sake ganinsa ba. Wannan kuwa a gidana yake, kuma tunda ya mutu ba zai sake yin laifi ba. Kullum sai ta goge shi da toka da lemon tsami, yana ƙyalli yadda bai taɓa yi ba yana raye. Duk maƙwabciyar da ta shigo sai an ba ta tarihinsa, ni ko sunana ba ya fitowa, sai dai a wajen famfon. Ina ƙaunar marigayin, Allah ya sani. Amma abin ya fara isata.

Game da jana'iza, na kira mai sayen tsofaffin ƙarafa don a yi masa sutura irin ta 'yan uwansa, uwargida ta kore shi tun daga bakin ƙofa. Saboda haka za a ajiye Gajere ranar Asabar da safe a saman kabad ɗin falo, daidai inda hotona da tirela yake. An mayar da hoton lungun hanyar banɗaki. Ba a nemi shawarata ba.

Za a karɓi gaisuwa a gida bayan an ajiye shi. Kada kowa ya kawo abinci, kada kuma a kawo min sabon risho, 'yarmu ta gwada na mayar mata. Duk mai farar hula doguwa ya yi zamansa. Ana roƙon jama'a su taƙaita yabon mamaci, an yi masa wanda ya ishe shi. Ni zan dafa wa baƙi shinkafa da wake da hannuna, a kan gas ɗin uwargida, babu Gajere a kusa balle a ce shi ne. Wanda ya ci ya ji daɗi, kada ya raɗa min a bakin ƙofa yana sa takalmi. Ya faɗa a falo, da ƙarfi, ya ambaci wanda ya dafa, kuma ya bari sai tana wurin.